Garar Ulu

Ni boko ban yi ba, allo ma ban yi nisa ba, amma duk alkakin da ya taɓa shiga bakina a garin nan na Maska na san gidan da ya fito. Na san wadda ta ciko kwano, na san wadda ta jefa guda biyu ta rufe da faifai kamar ta aiko da sa. Na san wadda nata ya sha zuma, na san wadda ta cuce mu da ruwan sukari. Ba na mantawa. Ni Mero, in na ci naki, to ki sa rai.

Ku yaran yanzu kuna ganin gara ciye-ciye ce kawai. In dangin amarya suka biyo ta da kaya, buhun shinkafa da jarkar mai na ango ne, ya je can ya ƙarata. Amma alkaki da dubulan da nakiya na gari ne. Tsohuwar gidan ke zama ta raba, kowace mace a mayar mata da irin abin da ta taɓa aikowa, har da ɗan ƙari. To ni na daɗe da aurar da 'ya'yana maza. Jikokin da suka fara isa aure kuma duk mata, sai dai mu kai, wasu su raba. Shekara da shekaru kwanuka na shigo mini, babu mai fita.

Wadda ta fi kowa sanin haka ita ce Hajjo. Tare muka tashi, tare muka yi tsinkar auduga muna 'yan mata, tun a lokacin ma buhuna take leƙawa. Allah ya ba ta jikoki maza kamar ya zuba mata da kwarya. Duk aure sai ta ciko mini kwano, ta ce wa mai kawowa, "A gaishe da Mero, a ce Allah ya kawo nata." Addu'a ce, ba ka da bakin yin fushi. Sai ka ce amin kana cin alkaki yana tsaya maka a wuya.

Da Ubaidullahi, babban jikana namiji, ɗan wajen ɗana Rabe, ya ce ya ga yarinya a Funtua, har rawa na taka a ɗaki. Na fito da manyan kwanukana na sa aka wanke.

Sai ga Rabe ya dawo daga wajen surukai yana washe baki.

"Inna, an sauƙaƙa mana. Sun ce babu gara."

"An sauƙaƙa wa wa?"

"Mu duka mana. Hajiya Adawiyya, uwar yarinyar, ta ce wani malami ya faɗa a rediyo ɗora wa kai ne. Kuma zaƙi na kawo ciwon suga."

"Rabe, mu ake kawo wa. An ce ba za a ba ka ba, kai kuma ka yi godiya?"

"In don alkaki ne, Inna, sai in sayo miki a kasuwa ki raba."

"Na leda? Hajjo da hanci take gane hannun da ya soya. Gara sai an ga shigowarta, an ji guɗa, an ga baƙin fuskoki suna sauke kaya. In ba haka ba, sadaka ka yi."

Ya sosa ƙeya ya fita. Namiji kenan. Shi dai a bar shi da zancen taki.

Aka kawo amarya, Fiddausi. Ba ni da abin cewa a kanta, tana durƙusawa, tuwonta ba gudaji. Sai dai ta zo da wani ɗan ƙarfe mai ƙugiya a baki, kwarashi, da ƙunshin zaren ulu kala-kala, da wani littafi mai faɗin faranti. Da ta gama aiki sai ta shimfiɗa shi a cinya, tana kallo tana saƙa, bakinta na motsi kamar mai lazimi. Na leƙa. Ba aya ba hadisi, hotunan abincin Turawa ne, a ƙarƙashinsu wasu zane-zane kamar sawun kaji.

Ranar nan ta shigo ɗakina da abu a hannu.

"Kaka, ga shi na yi miki."

Na warware. Dogo ne, fari-fari, kowane fari da ɗigon rawaya a tsakiya.

"Mene ne wannan yake kallona?"

"Soyayyen ƙwai ne, Kaka. A wuya ake naɗawa lokacin sanyi."

"Ƙwan ba a kaɗa shi ba?"

"Haka suke soya nasu."

"To su Turawan nan, yunwa ce ta sa su rataya abinci a wuya, ko ƙoshi?"

"Ado ne kawai."

Na yi mata godiya, na rataye shi a ƙusa. Raina yana can wani wuri.

Ba a jima ba sai ga Hajjo, wai ta zo ganin amarya. Da kwanonta a hammata.

"Na ce bari in taho da shi, Mero, kada a wahalar da yara wajen kawowa."

"Ai garar 'yan birni ba a yi mata gaggawa. Shiri ake."

"Allah sarki. Har an fara cewa wai babu. Na ce ku rufe mini baki, Mero ba za ta ci na mutane ta goge baki ba."

Tana magana idonta na kan ƙusa. Ta tashi ta shafa ƙwan nan, ta juya shi, ta ƙara shafawa.

"Wannan fa?"

Ban san abin da ya sa ba, sai na ji bakina ya ce, "Au, ba ki san shi ba? Kayya."

Wuyanta ya miƙe. "Wa ya ce ban sani ba? Na gan shi a wuyan wata Hajiya a Kaduna."

Hajjo da Kaduna! Na dube ta, na dubi ƙwai, ƙwai ya dube ni. Nan na gane a garin nan mace ta gwammace ta kwana da yunwa da a ce ba ta waye ba.

Tana fita na kira Fiddausi da littafinta. Na yi ta buɗawa ina lasar yatsa. Ga wani burodi mai rami a tsakiya, ga wani faifan ƙullu da aka watsa wa tumatir, ga kifi da bai ga wuta ba. Can sai ga wani murɗaɗɗen abu ja-ja-ja.

"Wannan ai ɗan'uwan alkaki ne da bai samu hannu ba. Za ki iya mayar da shi alkaki?"

"Kaka, babu alkaki a littafin. Shi komai sai an bi yadda ya ce, inda za a zarga da inda za a tsallake."

Na jawo gwangwanina daga ƙarƙashin gado. Akwai guda ɗaya da na ɓoye daga rabon Hajjo na ƙarshe. Na ɗora shi a kan shafin.

"Ga littafinki. Karanta."

Na farkon da ta yi, ba zan faɗi abin da ya yi kama da shi ba, amma duk mai jaki ya san shi. Na ce ta warware. Na biyu ya yi fari, na ce bai soyu ba. Na uku ya ƙone. Haka muka yi ta yi, ita da ƙugiya ni da baki, har ta haɗa zare biyu, ja da ruwan zuma, ta murɗa shi yadda ake murɗa ƙullu. Da ta ajiye shi kusa da na gasken, sai da na sa hanci kafin na raba su. Dubulan bai ba ta wahala ba, shi dama saƙa ce da fulawa. Muka jera su suka zama mayafan wuya, nakiya kuwa muka yi ta dunƙule-dunƙule, tana lilo a bakin kowane mayafi.

Tunkiyata ta tafi a zare. Ina ake sayen zaren? A shagon Hajiya Adawiyya a kasuwar Funtua, dama kayan ɗinki take sayarwa. Ba ta rage mana ko ƙwayar maɓalli ba. Wannan ma na riƙe.

Wata rana yarinyar ta ajiye kwarashi ta ce, "Kaka, anya ba ƙarya za mu yi ba?"

"Zaren daga ina?"

"Shagon Mama."

"Hannun wa?"

"Nawa."

"Ke 'yar gidan wa?"

Ta miƙa hannu ta ɗauki kwarashinta.

"To garar gidanku ce. Ci gaba."

Da aka gama, alkakin nan na gaske duk ya kwashi gashin ulu. Na hure shi na cinye a tsaye. Da na san abin da ke gaba, da na zauna na ci shi a hankali.

Ubaidullahi ya ɗaure kayan a buhunan taki ya kai Funtua a babur. Na aika wa Hajiya Adawiyya cewa ba na neman sukarinta ba na neman manta, ta ba ni aron mata da sababbin kwanuka kawai. Ta amsa da sauri. Ya kamata saurin nan ya dame ni, amma hankalina na kan Hajjo.

Ranar da aka sa, bazara ce, irin zafin da kaza ke buɗe baki. Keke Napep biyu suka tsaya a ƙofar gida, aka rangaɗa guɗa har tsohon liman ya leƙo. Gwaggwannin amarya suka sauko da kwanuka a ka, a rufe, suna ƙyalli. Kafin a shimfiɗa tabarma tsakar gida ta cika. Hajjo a gaba, kwano a cinya.

Na yi bismillah na ɗaga murfi.

Tsit. Ga alkaki jere-jere, ga dubulan, sai dai babu ƙamshi. Tsohuwa, matar limamin, da ba ta gani sosai, ta miƙa hannu ta ja ɗaya za ta kai baki, sai sauran suka biyo shi zarara kamar hanji.

"A'a, Tsohuwa," na ce, "wannan a wuya ake cin shi."

Na miƙe na naɗa ɗaya. Na ce wannan ita ce garar da manyan gidaje ke yi yanzu. Ba ta tsami, tururuwa ba ta bin ta, ba ta kawo ciwon suga, jika ba ya sace ta. Na ce soye-soye ai sai ƙauye, can cikin daji inda mota ba ta zuwa. Ina magana ina kallon fuskoki, babu wadda ta motsa. Duk Hajjo suke kallo.

"Ni ma ba sanin shi na yi ba da," na ce da ƙarfi. "Hajjo ce ta riga mu, ta gani a Kaduna. Hajjo, faɗa musu."

Ta daɗe tana dubana. Irin duban da take yi wa buhuna a gonar auduga. Sannan ta ajiye kwanonta a gefe.

"Haka ne," ta ce. "Manyan mata ke sa shi."

Na zaɓo mafi tsawo na naɗa mata da hannuna, zagaye biyu. Shi kenan. Sai ga hannuwa. Wannan ta ce ita ma ta taɓa gani a waya, waccan ta ce ƙanwar mijinta a Abuja har na shinkafa gare ta. Na zauna na raba, kowace daidai abin da ta taɓa aiko mini. Mai guda biyu a faifai ta samu wanda da ƙyar ya zagaye wuyanta. A ranar na ci tuwo har na nemi ƙari.

Ku zo ku ga Maska a bazarar nan. Duk suna, duk gaisuwa, mata naɗe da ulu, gumi na bin su har gadon baya. Ƙurajen zafi suka feso wa kowa a wuya, mai kemis ya rasa hodar sayarwa. Wadda ta cire, a ce ba ta saba ba. Akuya ta bi Tsohuwa tun daga rijiya har gida tana tsinkar mata nakiya. Yara su ga uwarsu su fashe da kuka suna miƙa hannu. A duk garin nan ƙuda ne kaɗai bai yarda ba, ko sau ɗaya bai sauka a kai ba.

Ni dai na biya. Ina tafe ana gaishe ni da "Hajiya Mero ta birni".

Sai kaka ta yi, aka sayar da masara da waken suya, aure ya buɗe. Gidan Malam Buba aka fara. Yarinya ta yi sallama da kwano a rufe, yawuna har ya tsinke. Na ɗaga murfi. Ulu.

Na ce to, su dama masu kwaikwayo ne. Na gaba, ulu. Na bayansa, ulu. Ashe iyayen amare sun zauna sun duba, zare ya fi alkama da mai da sukari sauƙi, ba hayaƙi, ba ƙunar hannu, kuma a ce ka waye. Abin har ya wuce alkaki. Aka aiko mini da jakar hannu ta masa, da 'yan kunne na ƙuli-ƙuli, da wani mayafi wai kilishi, har da yajinsa. Jarirai duk sun koma tumatir da kabeji daga wuya zuwa sama. Fiddausi ta cika zaure da 'yan koyo, littafin Turawa ya sha hannu har ya yi baƙi, ba mai duba shi ma, kowa abin da ke tukunyar uwarsa yake saƙawa. Hajiya Adawiyya ta fasa bango ta haɗa shagonta da na kusa. Malamin rediyo kuwa ban ƙara jin ta ambace shi ba. Masu soya alkakin biki suka kife kaskonsu suka sayi ƙugiya.

Bakina ya bushe. Ni da ba na wata biyu ban ga zuma a yatsana ba. Na kira Rabe gefe.

"In ka shiga Funtua, ɗan sayo mini ko na leda ne. Ka sa a aljihu."

"Haba Inna. Ciwon suga fa. Kuma soye-soye ai sai ƙauye."

"Ni na haife ka, Rabe."

"Shi ya sa nake kula da lafiyarki."

Yana fita ina jin dariyarsa a zaure. Shi ma na riƙe.

Sai aka ɗaura auren Kabiru, jikan Hajjo. Wannan karon ba ta aiko ba, da kanta ta zo bayan la'asar, da ƙaton kwano a ka. Ta sauke ta buɗe. Muka yi ta jan mayafi, muna ja muna ja, ya fita ƙofar ɗaki.

"Na ninka miki, Mero, yadda aka saba."

"Allah ya saka."

Ta zauna a bakin gadona, ta kwance nata daga wuya ta yar a ƙasa, ta sosa ƙurajenta son ranta. Sannan ta kwance bakin zaninta. Tun kafin in gani hancina ya gaya mini. Alkaki. Na alkama, na zuma, yana naso a takarda.

"Na ce wa surukaina su yi wa gari na ulu, ni su cika mini gwangwani," ta ce. Ta gatsa. Na ji ƙarar har cikin haƙorina.

Na dubi bango.

"Kaduna, ko?" ta ce tana tauna.

"Ke kika faɗa."

"Ni ko Zariya sau ɗaya na je, asibiti, a kwance. Kin sani, na san kin sani. Kika tsayar da ni gaban mata na yi miki shaida, na sha zafi bazara guda kamar tunkiyar da ba a yi wa aski ba."

"Ya yi miki kyau fa."

"Ya yi mini."

Ta ƙara gatsa. Ta lashe yatsa ɗaya bayan ɗaya. Da ya rage rabi sai ta miƙo mini.

Na san abin da karɓa ke nufi. Na ce wa hannuna ya zauna. Hannun da ya yi shekara da shekaru yana jin maganata, ranar ya ƙi. Kafin in ankara zuma na bin haɓata.

Hajjo ta karkaɗe zaninta ta miƙe.

"To. Na ulu ya biya na ulu, mun yi daidai a nan. Na baya kuwa duk suna nan yadda suke, ga wannan rabin a kai. Na tauna nake so, Mero." Ta ɗauki kwanonta, ta tsaya a ƙofa. "Allah ya kawo naki."

Na ce amin. Me zan ce?

Shi ya sa da Mannir, ƙanen Ubaidullahi, ya zo yana sunkuyar da kai wai ya ga wata a Gozaki, ban bari Rabe ya je shi kaɗai ba. Shi yana ta tambayar asali da tarbiyya, ni na ce a ɗora ni a mota in gaishe da uwarta. Na shiga, aka shimfiɗa mini tabarma, ana gaisuwa ina leƙen madafa. Na ga kasko babba, baƙi ƙirin, irin wanda ya san mai. Na dubi hannun matar, ga tabon ƙuna har gwiwar hannu. Raina ya yi sanyi. Na ce yarinya ta yi, ko ban gan ta ba.

Uwar ta tashi kawo mini ruwa. Ina ɗaga kai, sai ga shi a kan taga. Kwarashi, sabo fil, soke a dunƙulen zare ruwan zuma.

Da ta dawo da ruwan babu shi a wurin. Yana nan a gwangwanina, ƙarƙashin gado. Ba sata ba ce, aro ne, kuma ni ba na riƙe kayan mutane. Ranar da na ɗaga murfi na ji ƙamshi, a ranar zan mayar mata da abinta.